Zaman bayanin abinci na ranar Laraba a asibitin unguwarmu: ra'ayin mai sayar da abinci

A wani ƙaramin asibiti na unguwarmu a nan Marwa, a arewacin Kamaru, ana yin zama duk ranar Laraba da hantsi, inda wata malamar jinya take yi wa mutane bayani a kan abinci da cututtukan da ke shigowa ta cikinsa. Ba a biyan ko dala. Mai son a auna masa hawan jini ana auna masa bayan an tashi, shi ma kyauta. Gwajin suga ne kaɗai ake biyan kuɗin ɗan tsinken da ake ɗiga jini a kai. Tun damina nake zuwa, kuma matan layinmu sun dame ni da tambaya ko zaman ya kai a bar kasko dominsa. Amsata ita ce ya kai. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya je, masu daɗi da marasa daɗi, shi ya sa na ga gara in zayyana su.

Sana'ata abinci ce. Da sassafe ƙosai da kunun gyaɗa, da rana tuwon dawa da miyar yakuwa ko ta kuka, sai shinkafa da wake, a bakin tasha. Don haka ba da kunnen mara lafiya nake sauraron malamar ba. Abin da nake nema shi ne wanda zai shafi tukunyata da jarina da mutanen da ke ci daga hannuna, direbobi da 'yan kamasho da yaran makaranta. Bayanin lafiya kam mun sha jin sa, a rediyo da lasifikar mota, kuma kusan duk tafiyarsa ɗaya: ku daina, ku guji, ku kiyaye. Wanda ya ce wa mai ƙosai ta daina maimaita mai, bai taɓa gaya mata inda za ta samo kuɗin sabo ba. Wannan malama ba ta hana abu sai ta kawo abin da za a yi a madadinsa, kuma ba ta faɗin awo sai ta nuna shi da cokalin da kowa ke da shi a ɗaki. Wannan ne ya riƙe ni.

Ranar da aka yi maganar gishiri, ta riga ta ce kowace mace ta zo da abin da take zubawa a tukunyar miya ɗaya, ƙulle a leda. Aka jera a kan tebur. Wata gishiri cike da tafin hannu da magi 4, wata magi 6 da gutsuren kanwa, wata har da garin ɗanɗano na leda a kai. Malama ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ɗauki cokalin shayi ta ɗebi gishiri, ta shafe samansa da yatsa, ta ɗan rage kaɗan, ta zuba a farin faranti. Ta ce wannan shi ne giram 5, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai wannan a yini guda, daga karin safe har tuwon dare, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yajin tsire. Ta ce yawancin mutanen duniya suna cin ninkinsa. Sannan ta ɗaga dunƙulen magi ta ce kusan rabinsa gishiri ne, don haka mai zuba gishiri ta ƙara magi, gishiri ta zuba sau biyu. Kowace mace ta dubi ƙullinta ta dubi farantin. Sai malama ta sa muka raba kowane ƙulli da yawan bakunan da ke cin tukunyar, domin gidan mutum 12 ba ɗaya yake da gidan mutum 4 ba. Na ji daɗin wannan adalcin. Wasu sun ga ba su yi nisa ba, wasu kuwa sun ga miyar dare kaɗai ta cinye rabon yini. Gani ya kori ji.

Shawarar da ta biyo baya ita ce a rage da kaɗan-kaɗan, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, kuma a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da garin busasshen kifi. Albasa dai Allah ya hore mana ita a ƙasar nan. Na bi wannan a babbar tukunyata ta rana. Yawancin masu ci ba su lura ba. Wani direban babbar mota ya lura, ya ce, "Hajiya, yau hannunki ya yi sanyi." Na ajiye masa gishiri a ɗan kofi ya ƙara da kansa, kuma har yanzu a wurina yake ci. Kuɗin magin da nake kashewa ya ragu, amma na daddawa ya ƙaru, don haka kada wata ta je da tunanin riba.

Inda na ƙara ganin girmanta shi ne ranar da maganar ta gangaro kan kanwa. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce a jiki, sinadarin da ke tayar da hawan jini yana cikin su biyun, kuma wadda ta fi shiga haɗari ita ce mai jego da ake ɗura wa kunun kanwa safe da yamma. Wata dattijuwa, ungozoma ce da kowa ya sani, ta ɗaga murya ta ce ita da kunun kanwa aka yi mata jego, da shi ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta, ba wadda ta mutu. Na ɗauka za a yi musu. Malama ta taso daga kujerarta ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Inna, kin fi ni ganin masu jego, ke zan tambaya. A cikinsu ba ki taɓa ganin wadda ƙafafunta suka kumbura bayan haihuwa ba, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta?" Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce ta gani, ba ɗaya ba. Daga nan malama ta ce tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Ta ce ba kowace mace yake kamawa ba, shi ya sa Inna ta yi gaskiya da ta ce nata sun tsira, amma ba mai iya sanin wadda zai kama. Ba ta ce a bar kunu ba. Ta ce a dama na gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwar, kuma duk mai jegon da ta fara kumburi ko haki a kawo ta a ranar. Makon da ya biyo, tsohuwar nan da surukarta ta zo.

Darasin da ya fi taɓa sana'ata shi ne na gyaɗa, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Ta sayo mudu guda a kasuwa, irin wadda kowa ke saye, ta baje a faifai, ta ce mu tsince kamar za mu yi wa baƙo kunu. Muka fitar da tsakuwa da ɓawo muka ce mun gama. Sai ta sa hannu ta riƙa zaro waɗanda muka bari: masu yamushewa, masu tabon baƙi, waɗanda ƙwari suka huda, da waɗanda suka rabe biyu cikinsu ya yi ruwan ƙasa. Ta fasa ɗaya da farce ta zagaya da ita. A tsakiyarta akwai wani gari-gari kore mai ratsin rawaya. Kowa ya san irinta, ita ce mai ɗacin nan da kan sa mutum ya tofar. Ta ce hunhuna ce, kuma tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke taruwa tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, musamman ga wanda dama yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a yankinmu. An gano gubar ne bayan da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma a Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu.

Abin da ya girgiza mu shi ne da ta ce wuta ba ta kashe wannan gubar. Suya ba ta yi, tafasa ba ta yi. Mu kuwa mun taso a kan cewa abin da ya shiga wuta ya tsarkaka. Kuma kowa ya san inda rubabbiyar gyaɗa take ƙarewa: ita ce mai araha, ita ake kai wa inji a niƙa, ta koma ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun yara, inda ido ba zai ƙara ganin ta ba. Malama ta faɗi gaskiya cewa tsincewa tana rage gubar sosai amma ba ta kawar da ita duka, domin wata ƙwayar lafiya lau take a ido. Ta ce maganin yana farawa tun daga gona: a cire gyaɗa a kan kari, a shanya ta a kan tamfol ko tabarma ba a ƙasa tsirara ba, ta bushe har ta riƙa kaɗawa a cikin ɓawonta, a ajiye buhu a kan katako nesa da bango da danshi. Haka masara, haka dawa. Yanzu gyaɗar kununa tsaba nake saye, in tsince da hannuna kafin a kai inji, ba na sayen niƙaƙƙiya. Yana cin lokaci, kuma a kowane mudu akwai abin da nake zubarwa.

A nan ne kuma na ga iyakar zaman. Wata mai ƙuli-ƙuli ta tambaya, to wadda aka tsince a yi yaya da ita? Malama ta ce kada a ba shanun tatsa ko awaki, domin gubar tana fita a nono, a binne ko a ƙone. Matar ta ce, "Malama, ni na binne tawa, maƙwabciyata ta niƙa tata ta sayar ƙasa da farashina. Wa zai saya a wurina?" Malama ta ce ba ta da amsa, wannan aikin hukuma ne da shugabannin kasuwa. Na yaba da ba ta yi mana kwana-kwana ba, amma tambayar tana nan. Muddin mai saye bai san bambancin ba, mai tsincewa ita ce da asara. Shi ya sa nake ganin wannan darasin a tsakiyar kasuwa ya kamata a yi shi, ranar Litinin da take cika, ba a rumfar asibiti ba.

Maganar wake ta zo da abin da ya faranta mini rai. Duk mun san masu zuba fiya-fiya ko ƙwayar maganin ƙwari a buhun wake don kada ya huje, mun kuma san warin da kan tashi in an jiƙa irinsa. Malama ta zo da buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin da ke ciki iska ke ƙare musu su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ta ce wannan dabarar a nan arewacin Kamaru aka faro ta, a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Marwa da Jami'ar Purdue ta Amurka, kafin ta bazu zuwa Najeriya da Nijar da sauran ƙasashe. Mata suka yi ta mamaki, abin garinmu ne amma wasunmu ba su taɓa jin tarihinsa ba. Ta sa kowa ta gwada ɗaurin da hannunta, ta kuma nuna yadda ake hura ledar a duba ko ta huje kafin a zuba. Dillalin da nake sayen wake a wurinsa yanzu sai na tambaye shi a me ya ajiye, kuma ina shinshinawa kafin a auna.

Darussan tsafta ba sabon abu ba ne ga wanda ya ga kwalarar 2010, shekarar da ta kama mutum sama da 10,000 a Kamaru, mafi yawansu a wannan jiha tamu ta Arewa Mai Nisa. Wanke hannu da sabulu, raba wuƙar ɗanyen nama da ta salak, tafasa madarar shanu kafin a sha ko a yi kindirmo, duk an bi ta kansu da sauri. Abu biyu ne suka zauna mini. Na farko, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, ta san firji ba amsa ba ce, sai ta ce masu sayarwa su riƙa dafawa kashi-kashi, a bar tukunya a kan garwashi, ɗumame kuma ya yi zafi har tsakiyarsa yana tururi. Na biyu, yadda ta faɗi alƙaluma. Maimakon ta tsaya a kan cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara a duniya, sai ta ƙirga mu a kan benci, duk ta goma ta ce ta miƙe. Ta ce kusan haka abin yake, 1 cikin 10, kuma daga cikin 420,000 da ke mutuwa, 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Man suya ma ta taɓo shi. A tace shi da ƙyalle mai tsabta bayan kowace suya, kada a bari ya yi hayaƙi, in ya yi baƙi ya fara kumfa da danƙo a haƙura da shi. Wannan mai ƙosai za ta iya.

Tana kuma ware ɗan lokaci a ƙarshe don abin da mutane suka ji a WhatsApp. Wata ta kawo tsohon zancen shinkafar roba. Malama ta ce an gwada shinkafar da aka kama a Najeriya a ƙarshen 2016 ba a sami roba a ciki ba, kuma dafaffiyar shinkafa tana dunƙulewa ne saboda sitacin da ke cikinta. Ba ta yi wa matar dariya ba. Ta ce tsoron da ake kashewa a kan abin da babu, da an kashe shi a kan buhun da ya sha danshi da ya fi amfani.

Yanzu ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Babba a cikinsu shi ne rashin maza. Zaman kusan duk mata ne, alhali maigida ne ke zuwa kasuwar hatsi, shi ke zaɓar buhu mai araha, shi ke cewa miya ba ta ji gishiri ba. Ranar da aka yi darasin suga abin ya fi fitowa fili. Ta nuna suga cokalin shayi 12, wato giram 50, ta ce shi ne iyakar babban mutum a yini, in an tsaya a 6 ya fi, kuma gwangwanin lemo ɗaya na iya ɗaukar giram 35. Duk wadda ke wurin tunaninta ya tafi ga majalisar shayi, inda ake zagaye uku ana ɗura suga a ɗan buta, safe da la'asar da dare. Masu shan ba sa wurin. Matar da za ta koma gida ta ce wa mijinta ya rage suga, ko ta fara rage masa gishiri ba da saninsa ba, kowa ya san yadda za ta kaya. Hantsin Laraba ba lokacin maza ba ne. Mu ma masu abinci sai mun bar wa yara rumfa. Da za a ƙara wani zaman bayan la'asar, ko a nemi limamai su ba da 'yan mintuna a ƙofar masallaci, da an kai ga masu riƙe da kuɗin cefane.

Na biyu, takardun da ake rabawa. Malama da Fulatanci da Hausa take magana, tana juyawa daga wannan zuwa wancan ba wanda aka bari a baya. Takardar kuwa da Faransanci take, rubutu ƙanana, ga hoton faranti da tuffa da wasu ganyayen da ban taɓa gani a kasuwar Marwa ba. Da bakinta tana cewa zogale, yakuwa, tafasa, kubewa, goba, mangwaro, gwanda, magarya. A takarda babu ko ɗaya. Wadda ta kai wannan gida, abin da za ta fahimta shi ne lafiyayyen abinci na masu kuɗi ne. Hoton cokalin gishirin nan da na gyaɗa mai kyau kusa da marar kyau sun ishe mu, ko ba rubutu.

Na uku, duk armashin zaman a wuyan mutum ɗaya yake. Akwai lokacin da ta yi tafiya wani matashin ma'aikaci ya tsaya a madadinta. Yana da ilimi, ban musa ba, amma takarda ya riƙa karantawa yana fassarawa, ya jero abin da mai ciwon suga ba zai ci ba har wata baiwar Allah ta tambaye shi to me ya rage. Ya kuma ce mu masu sayar da abinci a titi mu ne tushen yawancin cututtukan nan. Mata uku suka tashi suka tafi, kuma ɗaya ba ta sake dawowa ba. Asibitin ya kamata ya sa masu tasowa su zauna su ga yadda malamar take yi, su koyi durƙusawa kusa da tsohuwa, ba karatun kaɗai ba.

Sai wurin awon hawan jini. A rumfa ɗaya ake yi, kuma ana faɗin sakamako kowa na ji. Akwai matar da na san ba ta ƙara miƙa hannunta ba tun ranar da aka faɗi nata a gaban kishiyarta. Labule ɗaya da ƙasa da murya sun isa su gyara wannan, kuma na faɗa wa malamar baki da baki, ta ce za ta kai maganar gaba.

Ga mai niyyar zuwa: a je da wuri, domin bencin ba shi da yawa, wanda ya makara a tsaye zai ƙare ko a kan tabarmar da ya zo da ita. Kowane zama magana ɗaya ake yi, ba ya wuce awa guda, kuma ana faɗin ta mako mai zuwa kafin a tashi, don haka mai ƙuli-ƙuli ko mai nono za ta iya zaɓar ranar da ta shafe ta. A tambaya a ƙofa ko malamar da kanta ce za ta yi. In an ce a zo da wani abu daga gida, a zo da shi yadda yake, kada a rage don kunya, ba ta kushe kowa. Wadda kuma Allah ya sa mijinta zai yarda ya rako ta, ta fara kawo shi ranar suga ko ranar hatsi.